Ranar da Aka Tsayar da Bawa

Duk direban da ke lodi a tashar Magarya ya san Bawa mutumin Dungas, ya kuma san abin da yake taƙama da shi: tun da ya kama sitiyari ba a taɓa rubuta masa takardar tara ba. Kada a ɗauka salihin tuƙi gare shi. Da ƙuruciya ya yi gudun da tsofaffin mata ke salati tun daga Dungas har Damagaram. Wayo ne kawai da sanin hanya. Ya san kowace bishiyar da jandarmomi ke son inuwarta, kuma idan ya wuce inda suka laɓe, duk motar da ya haɗu da ita sai ya walƙa mata fitila, ya nuna ƙasa da yatsa, wato a sassauta, suna nan gaba. Direbobi sun ɗauki wannan tamkar amsa sallama, wanda ya ƙi yi ba a cin tuwo da shi a tasha.

To, a gidan wannan mutumin ne Allah ya fito da jandarma. Nazifa, 'yarsa ta fari, wadda ya biya wa kuɗin lakwal, wato makarantar boko, da gumin kwalta, ita ce ta ci jarrabawar shiga aikin ba tare da ta shawarce shi ba. Labari ya riga shi isa tasha. Direbobi suka sa shi a gaba da tsiya, wannan ya ce ashe a gida yake kiwon kurar da za ta ci su, wancan ya ce daga yau sai a riƙa ɓoye masa sirri. Bawa mutum ne mai saurin hawa. Ya miƙe a tsakiyar tasha, gaban masu shayi da masu kabu-kabu, ya ce shi ba shi da 'ya mai kaki. Kafin la'asar maganar ta kai kunnen yarinyar. Ta haɗa jakarta ta tafi horo, ba ta yi masa sallama ba, kuma ba ta sake taka gidan ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Masu tsiyar sun manta, sun sami wani sabon abin dariya. Bawa ne bai manta ba. Yana kewar yarinyar nan kewa irin wadda ke hana mutum jin daɗin fura. Tana ƙarama ita ce mai tarbarsa a ƙofar gida, ta karɓi makullin mota ta rataya a ƙusa, ta kawo masa ruwa tana ba shi labarin duk wanda ya yi faɗa a unguwa. Yanzu da kansa yake rataya makullin, ya zauna a tabarma ya yi shiru, har ƙannenta su riƙa tafiya da sanɗa.

Ana nan sai aka turo ta aiki Magarya, aka kuma kawo wa birgadinsu, wato ofishinsu na jandarmomi, na'urar auna gudun mota, wadda direbobi ke kira rada. Ita aka damƙa wa. Bawa bai ji daga bakin kowa ba, da idonsa ya gani. Wata safiya ya fito daga Magarya ya nufi Bande, mota maƙil da mutane da buhunan wake, motocin da ke tahowa suna ta walƙa masa fitila. Ya sassauta kamar yadda ya saba. A gindin wani babban gawo sai ga ta tsaye, hula a kai, ta ɗaga na'urar daidai idonta ta auna shi. Ta duba, ta sauke, ta mai da fuska ga motar da ke bayansa. Abokin aikinta ya yi masa hannu ya wuce.

Ta rame, ko kakin ne ya yi mata yawa? Tambayar da ya yi ta juyawa ke nan har Damagaram, har ya wuce inda wata mata za ta sauka tana ta buga masa ƙofa.

Daga ranar aikinsa ya zama wucewa. Wani lokaci a gindin gawon, wani lokaci gaba kaɗan kusa da gada, ita dai tana nan, tana kallonsa ta cikin na'ura na ɗan ƙiftawar ido, sannan ta sauke. Mai tafiya a hankali ba shi da abin da zai sa a dube shi sau biyu. Sau da yawa ƙafarsa ta kai kan birki. Amma ya tsaya ya ce me? Uba ne zai faka mota a bakin titi, gaban fasinja, gaban direbobin da suka ji abin da ya faɗa a tasha, ya tako wajen 'yar cikinsa? Ko kiranta ta taga ba zai iya ba, don 'yar fari ce, bakinsa bai taɓa furta sunanta ba tun ranar da aka raɗa shi.

Matarsa Ƙande kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba. Takan hau kabu-kabu ta ce za ta Magarya dubiya, ta dawo da yamma da sabon sabulu a ƙullin zane, fuskarta wasai. Bawa ya san wace dubiya ce.

"Hanya lafiya?" ya tambaye ta wata rana, yana kallon gefe.

"Lafiya lau, Malam."

"Mutanen Magarya fa?"

"Suna nan. Wasu sun yi ƙiba, wasu sun rame."

"Waɗanda suka rame ɗin, ciwo ne?"

Ƙande ta ajiye masa kwanon tuwo ta ce, "Kai da kake bi ta gabansu safe da yamma, ni za ka tambaya?"

Daga wannan maganar dabara ta faɗo masa. Idan shi ya tsaya da kansa, ya sauko ke nan. Idan kuwa tsayar da shi aka yi, ai babu mai cewa komai, hukuma ce ta kira shi. Dole a nemi takardunsa, dole a tsaya kusa da shi, dole a yi masa magana. Abin da kowane direba ke gudu da dukan wayonsa, shi Bawa ya kwana yana roƙon Allah ya ba shi.

Sai dai nema daban, samu daban. Motar Bawa ta tsufa tare da shi. Allurar da ke nuna gudu ta daɗe da mutuwa, da karkarwar ƙofa yake aunawa. Ranar da ya fara gwadawa, ya taka totur har ƙasa tun daga nesa. Mota ta yi gurnani, ta yi hayaƙi, akuyar da ke ɗaure a sama ta ɓarke da kuka, amma gudun bai wuce na keken shanu mai sauri ba. Motocin da ke tahowa suka yi ta walƙa masa fitila, wani har da leƙo kai yana ihu, "Baba Bawa, suna gaba!" Duk hanyar ta haɗa kai don ta cece shi. Nazifa ta auna, ta sauke, aka yi masa hannu ya wuce. Wani tsoho a gidan gaba ya dafa shi ya ce Allah ya yi masa albarka, irin tuƙin hankalin nan ya yi ƙaranci a zamanin yau.

Bawa ya dubi madubi, ya ga wata mata da jariri a cinya. Ko da motar ta yarda, ba da rayukan mutane zai yi wannan wauta ba.

Ya bari sai ranar kasuwar Bande, ranar da fasinja ke rububin mota kamar ana rabon kyauta. Layinsa ya zo, ya ce a ba na bayansa, shi zai kai mota wajen makaniki. Halilu, wakilin sandika, wato ƙungiyar direbobi, a tashar, ya bi shi da kallo ya ce, "Makaniki ranar kasuwa, Baba Bawa?" Bawa ya juya ga motarsa. Ya sauke har tayar safaya da jarkar ruwa, ya fita da mota fayau.

Ashe tsohuwar motar tana da sauran ƙarfi, kaya ne suka danne ta. Da ya hau miƙaƙƙiyar kwalta ya taka, sai ta ɗauka. Ƙofa ta fara karkarwa, gonakin gero suka riƙa wucewa da sauri, iska ta cire masa hula ta jefa kujerar baya. Fitilu suka yi ta walƙawa a gabansa, bai kula ba. Ba tsoron hanya yake ji ba, tsoronsa kada ya isa ya tarar yau ba ita ce a wurin ba.

Ita ce. Ta ɗaga na'urar, kuma wannan karon ba ta sauke da wuri ba. Usur ya tashi.

Bawa ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya zauna yana jira. Wanda ya zo tagar ba ita ba ce, shugabansu ne, wani dattijon jandarma mai furfura a gashin baki. Ya karɓi parmi, wato lasin tuƙi, ya karanta sunan, ya dubi Bawa, ya waiwaya ya dubi Nazifa da ke tsaye ta ba su baya. Da alama ya san labarin, don a Magarya ba a ɓoye irin wannan.

"Baba, a shekarunka?" ya ce, yana miƙo masa parmin. "Je ka abinka. Kada a sake."

Da wani direba ne, da tuni ya yi godiya ya ɓace. Bawa ya ƙi karɓa.

"Shef, ai na yi laifi."

"Na sani. Na yafe."

"Ba a yafe irin wannan. Gudu na yi, kowa ya gani. A rubuta mini."

Wata mota da aka tsayar tun ɗazu tana gefe, direbanta ya saki baki yana kallon ikon Allah. Shef ya shafa gashin baki. Sannan ya taka wajen Nazifa, ya karɓi na'urar daga hannunta, ya ba ta parmin da takardun tara, ya ce shi idonsa ba ya ganin rubutu yau.

Ta taho a miƙe, takalmanta na taka tsakuwa. Ta sara masa irin ta aiki, ta yi magana da Faransanci, alhali ta fi kowa sanin ba ya ji. Bawa bai damu ba. Muryar yake sauraro, ta ɗan yi kauri, amma ita ce. Ga ta nan dab da shi, har yana ganin zufa a ƙasan hularta. Lalle ta rame.

Ta leƙa cikin motar. Kujeru babu kowa, ko ƙullin kaya babu, ga hularsa yashe a baya. Ta dubi titi, inda motoci ke wucewa zuwa kasuwa da mutane har kan rufi. Ta daɗe tana kallon kujerun nan. Sannan ta dawo da ido kan takarda.

"Ranar kasuwa ce," ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba.

"Ranar kasuwa ce," ya ce.

"Tayoyin nan sun cinye. Da ɗaya ta fashe fa?"

"Ba ta fashe ba."

"Da ta fashe fa?" Ta ci gaba da rubutu da ƙarfi kamar takardar ce ta yi mata laifi. Bawa ya ji daɗin faɗan nan har cikin ransa, ya so a ce ta ƙara.

Ta yage takardar ta miƙa masa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya jira parminsa. Ta dubi hoton da ke jiki, na lokacin da gemunsa ke baƙi, sannan ta buɗe aljihun rigarta ta saka, ta maɓalle.

"Parmin yana birgadi. Sai an biya a karɓa."

Direban da ke gefe ya matso da saurinsa, don taimakon ɗan'uwa wajibi ne. "Kada ka damu, Baba Bawa. Halilu na sandika zai je ya karɓo maka tare da namu, ba sai ka taka ba."

"Naku ya karɓa," Nazifa ta ce, ba ta dubi mai maganar ba. A karo na farko ta sa idonta cikin na Bawa, idon ya yi ja. "Wannan mai shi zai zo da kansa."

Ta juya ta koma gindin gawo, ta karɓi na'urarta, ta ɗaga ta ga motar da ke tahowa. Bawa ya juya mota ya kama hanyar Magarya a hankali, har masu babur na wuce shi. Motocin da ya haɗu da su suna jiran ya walƙa musu fitila, shi kuwa bai ma gan su ba.

Kafin ya isa tasha labari ya isa. Direbobi suka yanyame motar, wasu na jaje, wasu na dariya har da riƙe ciki, wai yau an kama wanda ba a kamawa, kuma 'yarsa ce ta kama shi. Halilu ya ratso su, ya miƙa hannu ta taga.

"Kawo takardar, Baba Bawa. Gobe da safe parminka na hannunka, ba sai ka je ka tsaya gaban yarinya ba."

Bawa ya ninke takardar, ya sa a aljihun gaba, ya dafe da tafin hannu.

"Bar ta, Halilu," ya ce, yadda duk tashar za ta ji. "'Yata ta ce in zo da kaina."