Haƙorin Takalmin Ilona

Jarmo ya kasa zama. Ya sayi kofi ya manta shi a kan benci, ya leƙa filin ƙanƙara, ya dawo, ya sake komawa. Saura yara biyu a kira 'yarsa Ilona, mai shekara tara, a gasar rawar kan ƙanƙara ta kulob ɗinsu.

Jiya shi ya wasa mata ƙarafan takalmanta. Mutumin da ya shekara ashirin yana buga hoki, wa zai koya masa washi? Da ya ga wani haƙori a goshin ƙarfen yana tokare dutse, sai ya goge shi sumul.

Marjatta, kocin yaran, ta juya takalmin, ta harare shi.

"Jarmo, da me za ta kafe ƙanƙara ta yi tsalle? Da hanci?"

"Ɗan kaɗan fa na rage..."

"Rufe min baki!"

Ilona ta karɓi takalminta ta hau ɗaure igiya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baba, tun a mota na gani. Je ka zauna a gaba. In na faɗi, kada ka rufe ido."