Hedifon Ɗin Lawwali

Muttaka mai kayan waya ya ɗora masa hedifon na uku a ka, ya danna soson ya rufe kunnuwan ruf, sai kasuwar Ƙanƙara ta ɗauke ɗif kamar an kashe rediyo. Lawwali yana ganin injin niƙan tsallaken hanya yana girgiza, yana ganin 'yan acaɓa suna danna oda, ga bakin Muttaka yana ta motsi, amma ko ƙus bai ji ba. Da ya cire, hayaniya ta dawo masa gaba ɗaya.

"Ka ji bambanci, Malam?" in ji Muttaka. "Na hwarko na kiɗa ne, gangar har ƙirji take duka. Na biyun bai da nauyi, ka wuni da shi kana kallon fim bai dame ka ba, kuma ko sallama aka yi za ka ji. Wannan ko, in kana gem ɗin ƙwallo har numfashin mai tsaron gida sai ka ji, amma ko gobara aka yi bayanka sai dai zahi ya hwaɗa maka. Kai da ke da tsohuwa gida, ni dai na biyun zan ce ka ɗauka."

Lawwali ya juya na biyun a hannu, ya lanƙwasa shi, ya ɓata fuska irin ta masu sanin kaya. "Wannan ba zai yi ƙarko ba," ya ce. "Sa mani na ukun a leda."

Ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi. Ba ƙarko ya kawo shi kasuwa ba. Tsohuwar da Muttaka ya ambata, ita ce dalilin.

Shekara biyu ke nan da ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Baraka, daga ƙauyensu na wajen 'Yargoje, lokacin da zaman can ya gagara. Yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga duhun mutum. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa fuskantarsa da magana kai tsaye ba, balle ta kai hannu jikinsa. Kunyar ɗan fari a wajenta ba abin wasa ba ce. In tana son ruwa sai ta ce da bango, "A ce ma masu gida randa ta yi ƙasa." A ƙauye tana da abokan hira ta kan danga. A nan birni ba ta da kowa sai bango da kaji, sai ta wuni tana ba su labarin gonar fadama, da wanda ya mutu, da wanda ya haifi wa. Lawwali malamin firamare ne, yara sittin sun cika masa kunne tun safe, ya dawo ya tarar da wani ajin. A hankali ya koyi jefa mata "To, Inna" da "Haka ne, Inna" lokaci-lokaci kamar mai watsa wa kaji tsaba, hankalinsa yana kan waya. Ƙaramin iyafis ɗin da yake sawa ba ya tare muryarta. Shi ya sa ya zo neman babba.

Ya hau babur ɗinsa da ledar a rataye, maganar matarsa Suwaibatu tana yi masa yawo a ka. Da safe, tana ɗaura ɗankwali za ta tafi aiki asibiti, sai da ta maimaita masa sau biyu.

"Don Allah kar ka yi nisa yau. Motar su Iya Tani za ta tsaya tasha ɗaukar fasinja, Ɗanlahadi zai kira wayar Inna in sun iso. Direba ba jira zai yi ba. In ba su gana yau ba, Allah kaɗai ya san ranar ganawa."

Ba sai an gaya masa wace ce Tani ba. Danga ɗaya ta raba gidajensu shekara arba'in. 'Yar gidan Maguzawa ce, Inna kuwa 'yar liman, amma a gidan juna suke aron wuta. Da yake kunya ta hana Inna goya shi a bainar jama'a, a bayan Tani ya yi wayo, ita ce mai kiransa "Lawwalina" da ƙarfi har unguwa ta ji. Yanzu ƙafafu sun ƙi ta, ɗanta Ɗanlahadi zai mayar da ita wajensa can Damari, a ƙasar Sabuwa, tafiyar da kowa ya san ba ta dawowa ba ce.

Ya tarar Inna ta riga ta yi wanka tun hantsi. Ta ɗaura atamfarta ta Sallah, ta zauna bakin tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙullin daddawa da goro a cinya, 'yar wayarta mai tocila a tafin hannu kamar ƙwai.

"Sannu da gida, Inna."

"A yi ma masu shigowa sannu," ta ce da bango.

Bayan azahar ya ci tuwon da aka ajiye masa, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ya jingina da ginshiƙi, bayansa yana wajenta. Gwaji kawai zai yi, wasa ɗaya. Kuma a yi masa adalci, da farko kunne ɗaya ya rufe, ya ture ɗaya soson zuwa bayan kunne don ya ji ƙarar wayar Inna. Tana ta bayanin yadda Tani ke dafa miyar kuɓewa. Sai ya ci ƙwallo, 'yan kallo suka kaure da ihu a kunnen dama kaɗai, abin ya zo masa rabi-rabi kamar shayi ba sukari. Ya sa yatsa ɗaya ya jawo soson hagu.

Wallahi Muttaka bai yi ƙarya ba. Filin wasa ya buɗe a cikin kansa. Yana jin ƙarar takalmi a kan ciyawa, yana jin usur daga can hagu, yana jin ƙwallo ta daki ƙarfen raga har cikin haƙoransa. Wasa ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama gasar cin kofi. Sabo kuwa turken wawa: bakinsa bai daina aikinsa ba. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ji laɓɓansa sun ce, "To, Inna," shi kansa ba ya jin fitar maganar.

Zafin rana a ƙafarsa ne ya farkar da shi. Inuwar rumfa ta gudu ta bar shi. Ya cire hedifon ɗin, sai ya ji ladan yana ƙarasa kiran la'asar.

Inna ba ta kan tabarma. Tana tsaye a bakin zaure, ta yafa mayafi, ta sa takalmi, sanda a hannu ɗaya, ƙullin a ɗaya. Daga yadda ta jingina kafaɗa da bango ya gane ta daɗe a tsaye.

"Inna! An kira?"

"An kira."

"Yaushe?"

"Sau ukku," ta ce, fuskarta tana kallon ƙofa. "An hwaɗa ma masu gida, suka ce to. Aka sake hwaɗi, suka ce to."

Taku biyar ne tsakaninta da inda ya zauna. Da Suwaibatu ce, da tuni ta fizge abin daga kansa. Amma Inna ba za ta taɓa shi ba, ba za ta ɗaga murya da sunansa ba, kuma ba ta ga abin da ke kansa ba. A saninta, ta yi magana, an ji, an ce to. Wanda ya ce maka to, ai ba ka ja masa riga.

Ya turo babur da sauri. Inna, wadda tun barowarsu ƙauye ko ƙarar babur ta ji sai ta dafe ƙirji, ta lalubo ta hau. Ba ta riƙe shi ba, ƙarfen baya ta kama. Ya ratsa lunguna yana addu'ar Allah ya sa taya ta yi faci, Allah ya sa fasinja bai cika ba.

A tasha, inda motocin Faskari ke lodi, babu komai sai tabon baƙin mai a ƙasa. Wani dattijon ɗan kamasho ya taso daga benci.

"Ku ne na tsohuwar nan mai ciwon ƙahwa? Kai, Malam, kun makara. Ta roƙi direba har sai da ya kashe mota, ya jira, ya jira, fasinja suka taso mashi. Ka san hanyar nan ba a bari la'asar ta iske mutum kanta." Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan ƙulli a tsumman atamfa. "Ta ce a ba uwar Lawwali."

Inna ta karɓa, ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci. "Irin kuɓewar bakin danga ne," ta ce a hankali.

Lawwali ya karɓi 'yar wayarta ya kira lambar ƙarshe. Ɗanlahadi ya ɗauka, iska tana kaɗa maganarsa.

"Lawwali? Haba, ba komi, kar ka damu. Ai Inna ta hwaɗa mamu babur ɗinka ne ya ƙi tashi, kana ta hwama da shi tun ɗazu. Abin inji sai haƙuri. Ga Iya."

Ya dubi Inna. Ta kawar da kai tana gyara mayafi. 'Yar liman, wadda ko a wasa bai taɓa jin ta yi ƙarya ba, yau ta yi don ta rufa masa asiri.

"Lawwalina!" Muryar Tani ta tsufa, amma ƙarfin kiran yana nan. "Sannu da wahala, ɗan albarka. Na san da da hali da ka kawo ta ko a goye ne. Ka riƙe mani ita da kyau, ka ji? Ita ba ta iya roƙo ba, sai ka riƙa saurare..."

Layin ya yanke. Ya sake kira, aka ce ba a samun lambar. Da Tani ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Suka dawo gida a hankali. Inna ta zauna inda ta tashi, ta ajiye ƙullin daddawar da ba a bayar ba a gefe, irin kuɓewar a cinya. Ba ta yi wa bango magana ba, ba ta yi wa kaji ba. Shirun da ya je har kasuwa nema, ga shi ya samu kyauta. Ya yi sallar la'asar a makare, bai san abin da ya karanta ba. Kunya da baƙin ciki suka cika shi, ya ji ya tsani kansa.

Ya ɗauko hedifon ɗin daga kan tabarma, ya zo ya durƙusa a gabanta, ya ajiye mata shi a hannu.

"Inna, wannan ne ke kaina ɗazu."

Ta shafa shi, ta matsa soson, ta bi lanƙwasar da yatsa. "Mi ne ne kuma wannan?"

"Na sauraren waya ne. Bari ki ji."

Ya ɗora mata a kan ɗankwali, ya rufe kunnuwan, bai kunna komai ba. Wani babur ya wuce ta bayan katanga da ƙara, Inna ko gezau. Sai ya ga ta ɗan buɗe baki, tana juya kai hagu da dama kamar mai neman inda duniya ta shiga.

A nan, da ya tabbata ba ta jinsa, maganar ta zo masa da sauƙi.

"Inna, ba kuskure ba ne. Mai shagon ya nuna mani wanda ake jin magana da shi, na ƙi. Don kar in ji ki na sayo wannan. Na gaji da hirarki ne, Inna. Ki yafe mani."

Hawaye suka zubo masa. Ita kuwa tana zaune, fuskarta a sake, tana kallon sama da kansa.

Can ta sa hannu biyu ta cire abin, ta riƙe shi a cinya tare da irin kuɓewar, ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Ikon Allah," ta ce da bango. "Ashe haka abin yake, kamar an jehwa mutum rijiya. To alhamdu lillahi. Ni da nike tsaye can, zuciya na ta raya mani ji aka yi aka ƙyale ni. Har na ce halan na zame ma masu gida kaya. Ashe ba a ji ba ne. Allah ya yahe mani zargin da na yi."

Lawwali ya sunkuyar da kai. Ta wanke shi tas, da sabulun da bai cancanta ba.

"Kamar na ga duhun mutum na motsi ɗazu," ta ƙara. "An yi magana ne?"

Ya buɗe baki. Maganar tana nan inda ya ajiye ta, amma yanzu akwai kunnen da zai ɗauka, sai ta yi masa nauyi kamar buhun masara. Ya haɗiye.

"Cewa na yi gobe da sassahe za mu shiga motar hwarko. Zan kai ki Damari, ki ba ta daddawarta da hannunki."

 Ta lalubo ƙullin daddawar ta mayar da shi cinya.

"To," ta ce.

Lawwali ya zauna a bakin tabarmar, kunnuwansa biyu a buɗe, yana jiran ta ci gaba.