Hannun Mai Banda

…kuma da hannun nan na gwada ruwan. Wannan, na dama. Na tsoma har wuyan hannu, na juya, na ce ya yi daidai. Ɗumi-ɗumi na ji. Wallahi ɗumi-ɗumi.

Ga tukunyar yau ma a kan murhu, iskar kogi sai kaɗa tururin take. Malam yana ɗaki cikin bargo, ƙafafuwa a waje, an naɗe su da farin bandeji kamar ba nasa ba. Mijina. Ni na yi masa haka.

A'a. Taimako na yi niyya. Jiya bayan asuba na taɓa ƙafarsa na ji ta kamar ƙanƙara, na ce bari in jiƙa masa a baho. Laifi ne? Duk shekara haka nake yi in sanyin Gashuwa ya sauko. In jiƙa, in goge, in shafa man kaɗanya, in sa safa. Yana zaune yana jan carbi, ƙafa a ruwa, bai ce uffan ba. Ina zai ce? Ciwon suga ya kashe masa ƙafa, ko ƙaya ya taka sai an gani an faɗa masa. Na sani. Wa ya fi ni sani?

Da hantsi na zo cire safar… fatar ta biyo ta.

Shuhada ta faɗa. Jikata, wadda ubanta Fatihu ya turo daga Nguru wai ta taya ni. "Kaka, tururin nan bai yi yawa ba?" Na ce ke rufe min baki, ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa sai kin sa tsumma. Ta yi dariya ta ce to Hajiya mai hannun ƙarfe, Allah ya ba ki haƙuri. Tun jiya ba ta sake dariya ba. Ba ta kuma faɗa wa ubanta ba. Da ta faɗa ma da ya fi min sauƙi — wannan shirun nata, tana wuce ni tana sunkuyar da kai, kamar ita ce…

Hannun ƙarfe. Eh, na yi alfahari da shi. Duk bakin kogin nan wa ya kai ni bandar kifi? Tarwaɗa a kan wuta, in juya ta da yatsu, garwashi ya faɗo in ɗauke shi in mayar. Mata suna neman itace su tona, ni ina yi musu tsaki. Da hannun nan na ciyar da gidan nan shekarar da ruwa ya cinye gonar Malam.

Nguveren, ma'aikaciyar jinyar da ke haya a maƙwabta, ta durƙusa tana wanke ciwon. "Baba, me ya same ka?" Kafin in buɗe baki ya ce, "Kaskon wuta na matsa kusa da shi, 'yata. Gyangyaɗi." Malam. Mutumin da ko a ciniki bai iya ƙara magana ba, ya yi ƙarya da tsufansa, carbi a hannu. Saboda ni. Ita kuwa ta dubi ƙafar, ta dubi bahon da ban ko zubar ba… ƙunar wuta daban, ƙunar ruwa daban, aikinta ne, ta sani. Ta ce, "Sannu Mama." Shi ke nan. Gara ta mare ni.

Fatihu yana hanya. "Inna, zan ɗauki Baba, ya zauna wurina kusa da babban asibiti sai sanyi ya wuce." Tun lokacin kaka yake wannan maganar, na ce ina da raina babu mai ɗauke min miji kamar buhun gero. Sai sanyi ya wuce! Haka aka ce wa Gaji, ƙawata, da aka tafi da nata. Ta'aziyya muka je mata. Wa zai san ba ya shan kunu sai da tsamiya? Wa zai san in ya ce ya ƙoshi, kunya ce? In na bar zancen kasko a yadda yake, sai in ce zan fitar da kaskon, magana ta ƙare, ya zauna. In kuwa na faɗi gaskiya…

Bari in sirka ruwan nan in goge masa jiki, kada ɗansa ya same shi haka. Ƙwarya ɗaya ta ruwan sanyi. Na tsoma. Ya yi daidai. Ɗumi-ɗumi, kamar—

Wayyo! Ya fallatso min a ƙafa. Ɗigo kaɗan, a bayan ƙafa, har cikin raina. Wannan ruwan? Wanda hannuna ke ciki yanzu haka?

Ashe ba jiya kaɗai ba. Tun yaushe? Ƙafarsa ba ta ji, hannuna ba ya ji, mu biyu muna zaune muna ta yarda da juna…

Mota ce ta tsaya a ƙofar gida? Shuhada tana can bakin rijiya, da na ɗaga murya za ta ji. Zo ki taɓa min ruwan nan. Magana ce gajera. Ban taɓa faɗa wa kowa ita ba.

Bakina a buɗe. Hannuna har yanzu yana cikin ruwan.