Geron Suruka a Motar Mai Nasara

Duk tashar Mirriya an san motar Mai Nasara: gabanta na duban sama, bayanta na shinshinar ƙasa. Lam ɗinta, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin mota a kan ƙafafun baya, sun sha wuya. Tsatsa ta ci rabonta, ramukan hanya sun ci nasu, lodi ya ƙarasa sauran. In an yi wa gogan magana, sai ya ce bakin mutane ne.

Ranar da babban lam ya tsage, bai sayi sabo ba. Ya kai aka liƙe shi da walda, ya shafe wurin da baƙin mai, ya ja da baya yana yaba wa kansa. Dama ya sami mai saye, wani Bakano, Alhaji Shamsuddeen, da ke jiransa a Damagaram. Abin da ya rage kawai ya lallaba ta can wayam, a yi ciniki kafin ta tona masa asiri.

Yana tayar da mota sai ga surukarsa, Hajiya Kaltuma, amalanke na biye da ita niƙi-niƙi da buhunan gero.

"Ɗan nan, Damagaram za ka?"

Mai Nasara, da ko jandarma ba ya raga wa, ya durƙusa ido a ƙasa. Ina shi ina ce wa uwar matarsa a'a?

"I, Inna."

"Ba dai na takura maka ba?"

"Haba Inna, ko kaɗan."

Da hannunsa ya yi lodin. Duk buhun da ya dire sai lam ya yi ƙara. Aka ƙara da tulunan maƙwabciyarta, don ita ma ba a ƙi ta ba.

Ya kama hanya kamar mai ɗauke da ƙwai, yana kauce wa ramuka yana salati. Ga mamakinsa suka shiga gari lafiya, har ya hango Alhajin a bakin tasha yana ɗaga masa hannu. Murna ta sa ya manta da tudun rage gudu da ke ƙofar shiga tashar.

Ƙas! Mota ta zauna a gefe ɗaya, tuluna suka amsa.

Alhaji ya matso ya leƙa ƙasa yana jajantawa, bai ma gano komai ba tukuna. Sai Hajiya ta sauko tana gyara mayafi, ta ce da ƙarfi:

"Alhamdu lillahi, mun dai iso. Ai tun jiya matarka ta gaya mini ƙarfen ya tsage, ka liƙe, sayar da ita za ka yi. Shi ya sa na ce bari in kwashe gerona tun da sauran mota."

Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe babbar rigarsa. "Allah ya kiyaye gaba, direba," ya yi tafiyarsa.

Mai Nasara ya juyo wajen surukarsa.

"Kin kyauta, Inna," in ji shi, ya sunkuya ya fara sauke mata buhunan.