Jinin Hurde

Haulatu ƙawata, gyara zama ki sha labari, don wallahi idan ban amayar da shi ba cikina fashewa zai yi! Na haihu, namiji, kowa lafiya, ƙanen Yasmin ya iso. Amma ba wannan ba ne kaɗai, mu biyu muka haihu a gidan nan, ni da goɗiyar Baffa.

Kin san Baffa Ya'u, surukina, wan Babanmu ne ciki ɗaya. Mahaifinsu yana da wani ingarma da ake kira Hurde, wanda har yau tsofaffin ƙauyenmu idan sun zauna sai sun ambace shi. Sun ce shekarar da ɓarayi suka kore shanun gari, shi ya bi su har bayan iyaka, aka dawo da shanun ko ɗaya bai ɓata ba. To goɗiyar nan ita kaɗai ta rage a jininsa.

Tun ina yarinya nake jin musun nan. Baba ya ce Hurde ɗan Azbin ne, siraran ƙafafu, gudu kamar iska. Baffa ya ce ina, ɗan Barno ne, dogo, hancinsa a lanƙwashe kamar na rago. Su biyun duk suna yara Hurde ya mutu fa, amma kowa ya ce shi ya fi ganinsa.

Bara da za a kai goɗiyar barbara, Baba ya nemo wani ɗan Azbin a Mai'aduwa. Baffa bai ce masa komai ba, ya ja ta ya kai wa wani ɗan Barno a Baure. Ranar Baba ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Yaya, ka ɓata jinin dokin ubanmu. Wallahi ƙafata ba ta ƙara taka gidan nan!" Kin san Baba da rantsuwa, balle tunda shari'a ta zo ya zama na gaba a masallaci. Shekara guda ko zaure bai shiga ba.

Shi ya sa da na haihu nake ta kuka a ɓoye. A ce a raɗa wa ɗana suna, kakansa yana can gidansa, katanga uku tsakani? Na aika Inna ta roƙe shi, ya ce a gaishe ni da jiki. Shi ke nan.

Ana jibi suna, da hantsi, ina ɗaki an gama mini wanka, sai na ji maigidana Baban Yasmin yana ihu a tsakar gida, "Goɗiya na naƙuda!" Kafin ki ce me, labari ya zaga gari, don kowa ya san an ce ɗan da za ta haifa shi zai raba gardama. In hanci ya lanƙwashe, Baffa ya ci. In ƙafafu suka zo sirara duk da uban Barno, jinin Azbin ne ya yi magana.

Na ɗaga labule ina leƙe. Wa zan gani? Baba! Hula a karkace, takalmi ƙafa ɗaya, ya ratsa zaure ya wuce har turke, ko sallama babu. Na toshe bakina da zane.

Duƙushin ya faɗo, uwar tana lashe shi. Tsofaffin nan biyu suka durƙusa kai da kai.

Baba ya ce, "Dubi ƙafa! Dubi ƙafa, Yaya, kamar kara!"

Baffa ya ce, "Kai dai Maharazu bari ya ɗago kai ka ga hanci."

Ya ɗago kai. Sai kunnuwa suka miƙe. Haulatu, kunnuwa! Dogaye zaƙo-zaƙo, suna ta motsi. Sai Yasmin ta tafa hannu ta ce, "Laa, ɗan jaki!"

Alfadari ne, ƙawata! Baban Yasmin ya sosa ƙeya ya ce ai kuwa kafin a kai ta Baure ta taɓa tsinke igiya, ta wuni a fadama, inda Kabo mai tukwane yake ɗaure jakinsa.

Baba ya dubi alfadari, ya dubi Baffa, ya ce, "To Yaya, wannan daga wane yanki na Barno yake?"

Baffa ya ce, "Ja can! Ai ƙafafun ka fara yabo. Ga ɗan Azbin ɗinka nan, ɗauki ka tafi da shi."

Suka fashe da dariya har Baffa ya zauna daɓas cikin harawa yana share hawaye. Ni kuwa na ce yau ko ba ranar. Na sungumi jariri na fito, Inna tana ce mini mai jego ba ta fita, ban ko waiwaya ba. Na ɗora shi a hannun Baba.

Sai a lokacin ya dubi inda yake tsaye. Ya ce, "Innalillahi. Hasana, a ina nake?"

Na ce, "A gidan Baffa, Baba. Tun ɗazu."

Ya kalli fuskar yaron. Can ya ce, "Rantsuwa dai ta karye. Sai kaffara. A auno gero daga rumbuna a ciyar da miskinai goma." Ya gyara wa yaron zane, ya ƙara da cewa, "Jibi a shimfiɗa mini tabarma kusa da liman."

Kuma ya zo! Shi ya fara zuwa ma, da rago a hannu. An sa wa yaro Sama'ila, sunan mai Hurde, Baffa kuma ya ce alfadarin nasa ne halak malak, in ya girma ya ɗauko masa kaya daga kasuwar Daura.

Yanzu haka da nake ba ki labarin nan suna zaure su biyu. Baba ya ce ƙafafun yaron irin na mahayan Azbin ne. Baffa ya ce a dubi hanci.