Ranar Da Aka Ƙi Shaidar Jucélia

"Me ta kira ki yanzu?" Doutor Anselmo ya tambaya, hannunsa ya tsaya cak a cikin jakar takardunsa.

"Comadre," in ji Ivanilde. "To da me za ta kira ni?"

Jucélia, shaidar Ivanilde, ba ta ma gama sakin ta ba. Mota biyu ta hau daga unguwar Periperi, gumi ya jiƙe mata bayan riga, ta kutso cikin cunkoson barandar kotun ma'aikata ta Salvador ta rungume ta, har da cusa mata ƙunshin ƙosai a jaka don ta san ba ta karya ba. Lauyan ya dubi wannan, ya dubi waccan, sannan ya ja su lungu kusa da taga, nesa da kunnen mutane.

"Dona Ivanilde, bara da bakina na tambaye ki. Na ce shaidar nan 'yar'uwarki ce? Kika ce a'a. Na ce ƙawarki ce? Kika ce ko gaisuwar kirki ba kwa yi."

"Bara kenan."

"Bara ai hanci take ɗagawa," Jucélia ta ce. "Shekara shida ina goge ƙarƙashin teburinta, ƙafa kawai take ɗaga mini."

"Ke kuma bakinki ba ya zuwa hutu."

"Ku dakata don Allah. Yaushe aka yi baftismar?"

"Watan Yuni. Ita ta riƙe mini 'yata Luzia a coci, shi ya sa muke kiran juna comadre."

"Akwai hoto?"

Baftisma ce fa. Ƙanwar Ivanilde kaɗai ta ɗauki hoto ya fi ɗari, ta watsa su a intanet, har da na tukunyar wake.

Doutor Anselmo ya cire tabarau ya murza ido. Lauyan ƙungiyar ƙwadago ne, shari'a bakwai gare shi a safiyar nan, kuma daga fuskarsa za ka gane ya riga ya cire wannan daga cikin waɗanda zai ci. Ya yi musu bayani a gurguje. A wannan kotu, aminin mai ƙara ba ya ba da shaida bisa rantsuwa. In an gane aminai ne, sai dai a saurare shi don jin ta bakinsa kawai, alƙali kuma yana iya ajiye maganar a gefe.

Wata goma sha huɗu Ivanilde na jiran ranar nan, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa a cikin watannin nan an hana ta son mutumin da ya tausaya mata.

Shekara tara ta yi a teburin karɓar baƙi na wani asibitin ido na masu kuɗi, duk wata tana miƙar da gashinta da man nan mai ƙona fatar kai. Da ta samu ciki likita ya hana ta. Ta haihu, ta dawo daga hutu da gashin da Allah ya ba ta, a taje, a gyare, kuma karo na farko tun tana 'yar shekara goma sha biyu kanta ba ya mata zogi. Kwana uku da dawowarta manaja, Dona Heloísa, ta same ta a ɗakin cin abincin ma'aikata, ta dafa mata kafaɗa da murmushi.

"Nilde, ke ma kin san irin mutanen da ke zuwa nan. Gyaran ido suka zo yi. Ba su biya kuɗi don su buɗe shi a kan soson wanke tukunya ba. Ko ki miƙar da abin nan, ko ki koma ciki inda irinku ba sa damun kowa."

Ban da su biyun, mutum uku ne a ɗakin. Biyu suka sunkuyar da kai cikin kwanonsu. Jucélia ce kaɗai ta ajiye cokali ta ce, "Dona Heloísa, wannan magana ba ta yi kyau ba." Aka mayar da Ivanilde ɗakin fayiloli, ranar da kariyar da doka ta ba mai jego daga kora ta ƙare kuma aka miƙa mata takardar sallama, wai rage ma'aikata ake yi. Mako bai zagayo ba suka zaunar da wata fara mai gashi har baya a kujerarta.

Duk asibitin babu wanda ya ko buga mata waya. Jucélia ce ta bayyana wata Lahadi da madarar jarirai, ta shiga ta wanke mata kwanuka tana mita cewa gidan kamar kasuwa. Lahadi ta gaba ma ta dawo. Da lokacin baftisma ya zo, wa za ta ba wa 'yarta? Ko tunani ba ta tsaya yi ba.

"Akwai hanya ɗaya," lauyan ya ce, ya rage murya. "Ni ban ce ki yi ƙarya ba, Dona Jucélia. Amma in aka tambaye ki, kina iya cewa aiki ne ya haɗa ku, baftismar kuma alfarma aka roƙe ki, ba ki da wata hulɗa da yarinyar."

"In ce ba ruwana da Luzia?"

"Na minti biyar kawai."

"Doutor, kai ba ka da uwar baftisma ne? Na tsaya gaban Allah na ce yarinyar nan tawa ce in uwarta ta faɗi. Yanzu in zo gaban wata mai baƙar riga in ce ban san ta ba? In wani abu ya same ta daga baya, da wane ido zan dubi uwarta?"

Ivanilde ta ji kamar ta shaƙe ta. Ta kuma san sarai in da ita ce, amsar da za ta bayar kenan, wannan ya ƙara mata haushi. Ba kuɗi take nema ba, a zaman farko sun yi mata tayi ta ƙi, don takardar sulhun ta ce asibiti bai amsa laifin komai ba. So take alƙali ya rubuta da hatimin kotu cewa don baƙa ce aka kore ta. Dokar hana wariyar launi na nan, har an manna ta a bangon barandar nan da manyan haruffa, da hoton hannu baƙi da hannu fari suna gaisawa. Amma doka shaida take nema, ita kuma shaidarta ɗaya ce tak.

Aka kira sunanta a lasifika.

Ɗakin ƙarami ne, sanyin na'ura kamar mutuware. Alƙaliya a kan tebur, magatakarda a gefenta yana buga duk abin da aka faɗa. Dona Heloísa na zaune a ɗaya ɓangaren da lauyan asibiti, ta ɗago ta yi wa Ivanilde irin murmushin da ake yi wa tsohuwar 'yar aikin gida in an haɗu a kasuwa. Aka tambaya ko akwai sulhu, aka ce babu. Aka saurari Ivanilde, ta faɗi abin da ya faru. Aka saurari Dona Heloísa, ta ce ita a rayuwarta ba ta ganin launi, matar da ta raine ta ma baƙa ce, har yau tana aika mata kyautar Kirsimeti. Magatakarda ya buga wannan ma.

Sannan aka shigo da Jucélia. Ba ta gama gyara zama ba lauyan asibiti ya miƙe da takarda a hannu. Hoto ne, an buga shi da launi, babba: Jucélia riƙe da jaririya cikin farar riga, Ivanilde ta kwantar da kai a kafaɗarta, su biyun baki har kunne.

Alƙaliya ta duba, ta ɗago. "Ke ce a nan?"

"Ni ce, ranki ya daɗe. Rigar ma aro na yi."

"Kina zuwa gidan mai ƙara?"

"Duk Lahadi."

"Kenan aminiyarki ce."

"Comadre ɗina ce. Amma a rubuta tun yaushe. Da can ko ganinta ba na son yi, ita ma haka. Tun ranar da matar can ta buɗe baki ta ce mata..."

"Ba a zo nan ba tukuna," alƙaliya ta katse ta. "Tambayar da doka ta ɗora mini ita ce yadda kuke yau."

"To ai abin da aka yi mata ne ya sa muke yadda muke yau."

Alƙaliya ba muguwa ba ce, gajiya ce kawai a fuskarta, da tarin fayil a gabanta. Ta ce an karɓi ƙorafin lauyan asibiti. Ba za a rantsar da shaida ba. In ɓangaren mai ƙara na so, za ta saurare ta don jin ta bakinta, amma kowa ya san nauyin irin wannan magana.

Ashe da Jucélia ta yi yadda sauran suka yi, ta kau da kai, ta bar Ivanilde da jaririya da yunwa, da yau shaida ce ta gari. Zuwan da ta yi da madara ne ya ɓata ta.

Doutor Anselmo ya nemi minti biyu, ya matso da bakinsa kusa da kunnenta.

"Ke za ki zaɓa. In ta yi magana za a rubuta, amma da wuya ta ɗauke mu zuwa ko'ina, su kuma shaida biyu gare su masu rantsuwa. Sannan har yanzu a can take aiki. Ba yau za su kore ta ba, sun fi haka wayo. Nan da wata biyu za su ce rage ma'aikata ake yi."

"Ai ta riga ta zo. Sun gan ta."

"Zuwa daban, faɗa a gaban alƙali daban. Wadda ta zo ba ta ce komai ba, ana iya ƙyale ta."

Ivanilde ta dubi Dona Heloísa. Wata goma sha huɗu tana kwana tana tashi da burin nan guda: a maimaita kalmomin nan a fili, a ɗakin da matar ba ta isa ta ce kowa ya yi shiru ba, ta ga yadda fuskarta za ta koma. Saura ƙiris. Kai kawai za ta gyaɗa.

Sai ta dubi Jucélia. Tana zaune a kujerar shaida ta rungume jaka a cinya, rigar aikinta mai ruwan toka na leƙowa daga bakin jakar, don daga nan asibiti za ta wuce, ƙarfe ɗaya take karɓar aiki. Mijinta sau uku a mako ake masa wankin ƙoda, kuma inshorar lafiyar wurin aikinta ce ke ɗauke da shi. Ba ta taɓa kawo wannan zance ba duk lokacin da ake maganar shaida, ko sau ɗaya.

"A sallame ta," Ivanilde ta ce.

"Kin tabbata?"

"Na ce a sallame ta, Doutor. Kar ka sa in sake faɗa, don ban san ko zan iya ba."

Lauya ya miƙe ya faɗa wa kotu. Alƙaliya ta yi wa Jucélia godiya ta ce tana iya tafiya. Jucélia ba ta motsa ba, sai ta juyo gaba ɗaya a kujerar.

"Comadre, me kika yi haka?"

"Tashi ki tafi aiki."

"Wa ya tambaye ki? Aikina ne ko naki? Mota biyu na hau."

"Malama, an sallame ki," in ji alƙaliya.

Jucélia ta tashi. Ta bi ta bayan kujerar Ivanilde, idonta ya kaɗa ya yi ja, ta ce ƙasa-ƙasa, "Har yanzu girman kan nan bai bar ki ba." Ta fita ta ja ƙofa da ƙarfi.

Baƙin ciki ne da fushi suka cakuɗe wa Ivanilde, ba ta ma san wa za ta fi jin haushi ba, manajar, ko dokar, ko kanta. Alƙaliya ta tambaya ko mai ƙara na da sauran shaida. Doutor Anselmo ya ce babu.

Aka kira shaidan farko na asibiti. Valdeci ne, mai tsaron ƙofa, ɗaya daga cikin biyun da suka sunkuyar da kai ranar nan. Ya fi Ivanilde baƙi. Shekara tara suna cin abincin rana a tebur ɗaya, tana raba masa nama in nasa kwanon wake ne zalla, ita ta cike masa takardun makarantar 'yarsa, ita ta raka shi jana'izar mahaifiyarsa a cikin ruwan sama. Ya shigo cikin sabuwar riga mai guga, ya zauna, idonsa a kan bango.

Alƙaliya ta tambayi sunansa da aikinsa, ya faɗa.

"Kana da dangantaka da mai ƙara?"

"Babu, ranki ya daɗe."

"Akwai aminci tsakaninku? Kana zuwa gidanta, kuna waya?"

"Ko kaɗan. Rabona da ita tun ranar da ta bar aiki."

Ivanilde ta zuba masa ido. A nan dai bai yi ƙarya ba. Alƙaliya ta ja masa kunne a kan hukuncin shaidar zur, ta ce wa magatakarda ya rubuta cewa wannan shaida ba shi da wata matsala, an rantsar da shi.