Gyaran Minti Biyu

Hannu ɗaya ne a sama a duk ɗakin kwamfuta na laburaren jami'ar, kuma ya daɗe a ɗage.

"Anti, sau uku ke nan ina gyarawa, ana mayar min da shi yadda yake."

Anti Laburare, kamar yadda ɗalibai ke kiran ta, ta ratsa tsakanin kujeru ta nufi mai maganar. Ita ta kafa wannan ƙungiya ta ranar Asabar, inda ɗalibai ke taruwa suna rubuta maƙaloli a kundin ilimi na intanet, wanda kowa ke karantawa kyauta, kowa kuma ke iya gyarawa. Yarinyar sabuwar fuska ce, 'yar aji ɗaya, da wata tsohuwar jakar leda a kan cinyarta.

Anti ta sunkuya kan allon kwamfutar. Maƙalar a kan matatar ruwa ta yumɓu ce, wadda aka ƙirƙira a sashen injiniya na jami'ar shekara ashirin da suka wuce, yanzu kuma ƙauyuka da dama da ita suke tace ruwan sha. Layi na biyu ya ce Farfesa, shugaban tsangayar, shi ya ƙirƙira ta.

Anti ta sake karanta shi. Ta san layin nan sarai. Har ayar da ba a sa a ƙarshensa ba ta sani, don ita ce ta manta ba ta sa ba.

Wata takwas da suka wuce, ranar da aka ƙaddamar da ƙungiyar, Farfesa ne babban baƙo, yana zaune a layin gaba. Wani ya tambaya, wai da gaske kowa zai iya gyarawa? Ta ce bari ku gani. Ta shiga da asusun gwaji da ta buɗe don koyarwa, ta haska maƙalar matatar a majigi, ta goge sunan teknishan, ma'aikacin ɗakin gwajin sashen, da ke rubuce a wurin, tare da madogarar da ke maƙale da shi, wato rahoton da ke shaida hakan, ta sa na Farfesa. "Ga shi, cikin minti biyu na mayar da Farfesa mai ƙirƙira." Ɗaki ya ɗauki dariya, har shi Farfesan ya tafa. Tana shirin nuna musu yadda ake mayar da abu yadda yake, sai wuta ta ɗauke. Kafin a tada janareta an shigo da lemo, an shiga ɗaukar hoto. Ta ce in ta koma ofis za ta gyara. Bayan kwana uku ta tuna a cikin mota, ta ce gobe. Bayan wata guda ta sake tunawa, ta ce ai zuwa yanzu wani ya gyara. Ba ta duba ba.

"Ni ne nake mayarwa," in ji wani daga bayan ɗaki.

Alƙali ne, ɗalibin digiri na biyu, wanda aka laƙaba wa sunan saboda babu gyaran da ke wucewa ta gabansa ba shaida. Bai daɗe da shiga ƙungiyar ba, amma ya fi kowa sanin dokokinta. Ya gangaro da kujerarsa mai taya har kusa da yarinyar.

"Ƙanwata, ba gaba nake yi da ke ba. Ga jarida ta faɗa, ga mujallar jami'a ta faɗa. Ke me kika kawo?"

"Babana ne ya yi matatar."

"Babanki ba madogara ba ne. Ni ma nan uwata ta ce duk jami'ar nan babu mai kyauna, amma na ce mata sai ta kawo jarida."

Aka yi dariya. Yarinyar ba ta yi ba. Ta zazzage jakar ledar a kan teburi: littattafan rubutu guda biyar, bangonsu ya yi laushi, duk shafi cike da zanen tukwane da lissafi, wasu da tabon yatsa na jan yumɓu.

Alƙali ya ɗauki ɗaya ya buɗe, dariyar ta bar fuskarsa. Ya daɗe yana juya shafuka.

"Ni dai na yarda da ke," ya ce a hankali. "Amma ba a buga wannan a ko'ina ba. Ba mu karɓar abin da ba a buga ba. In na karɓa miki yau, gobe wani zai zo da littafin da ya rubuta jiya ya shafa masa ƙasa."

"Laraba za a buɗe sabon ɗakin gwaji," in ji yarinyar. "Za a kafa allon tagulla a ƙofa, an ce da sunan wanda ya ƙirƙiri matatar." Ta juyo ta dubi Anti. "Shekara talatin suna aiki tare, Anti. Tun da Baba ya ga jaridar nan bai sake ɗaga wayar Farfesa ba. Da aka kwantar da shi asibiti Farfesa ya zo dubiya, Baba ya juya fuska bango har ya tafi. Cewa yake amininsa ya jira ya yi ritaya sannan ya sace masa aiki."

Anti ta ce tana zuwa, za ta duba wani abu.

Ta rufe ƙofar ofishinta ta buɗe tarihin shafin, wurin da kundin ke ajiye kowane gyara da ranarsa da sunan wanda ya yi. Ta gangara ƙasa, ta wuce gyara arba'in da wani abu. Ga shi nan: asusun gwaji, ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida. Bayan mako bakwai jarida ta buga labarin matatar, da layinta kalma da kalma. Bayan haka wani mai kyakkyawar niyya ya ga layin ba madogara, ya nemo jaridar ya maƙala masa. Jarida ta kwafa daga kundi, kundi kuma ya koma ya jingina da jarida.

Ba wanda ya san mai asusun gwajin sai ita. Waɗanda suka ga abin da idonsu yawancinsu 'yan ajin ƙarshe ne, sun gama sun watse. Za ta iya rufe shafin ta koma ta ce wa yarinyar ta yi haƙuri, doka ce. Ta kai hannu kan linzamin kwamfutar, ta ɗauke. Akwai mutum ɗaya da ya rage wanda ya gani, har ya tafa.

Ta sami Farfesa a ofishinsa, duk da Asabar ce, yana gyara jawabin Laraba. A jikin bango an jingina wani abu mai faɗi a naɗe cikin takarda.

"A'a, 'yar gidana. Shigo. Takardar tabbatar da ke a aiki tana nan, Litinin zan sa hannu."

"Ranka ya daɗe, kan maganar matatar nan ne." Ta tsaya a tsaye. "Ka tuna ranar ƙaddamarwa, da na sa sunanka a majigi?"

Farfesa ya cire gilashinsa ya shiga goge shi da gefen riga.

"Na tuna an yi raha."

"Ban mayar ba. Daga nan jarida ta ɗauka."

"To, ai ba ƙarya aka yi gaba ɗaya ba. Ni na samo wa teknishan ɗin tandar gasa tukwanen. Ni na sa hannu a kan duk takardun."

"Amma shi ya yi ta."

"Ban ce ba shi ba ne." Ya mayar da gilashin. "Da jaridar ta fito na yi niyyar kiran su. Sai shugaban jami'a ya taya ni murna a gaban majalisa, kowa ya miƙe. A nan zan ce a zauna, kuskure ne? Na ce sai an kwana biyu. Kin san yadda kwana biyu yake." Ya yi nuni da abin da ke jikin bango. "An riga an sassaƙa. Ki bari Laraba ta wuce, sai mu san yadda za mu yi da shi cikin mutunci. Ɗakin kwamfutar nan ma da kuke taro a ciki, kin san sashe uku ke neman sa, ni nake tare muku."

Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ta ba. Ta ce ta gode, ta fito.

A kan matakala ta tsaya. Shekara shida tana aikin wucin gadi. Ta tuna da kwamfuta ashirin ɗin da ke ɗakin, da yadda ta sha yawon ofis-ofis kafin a ba ta makullin. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, da yake bayanin kwana biyunsa, ta gane kowace kalma, don da irin su ta yi wata takwas tana lallashin kanta.

Da ta koma, yarinyar na mayar da littattafan cikin jaka.

"Ajiye su tukuna," in ji Anti. "Alƙali, kunna min majigi."

Ta haska tarihin shafin a bango, ta gangara har layin ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida.

"Kullum ina ce muku duk abin da kuka rubuta a nan yana da mai shi. To, wannan nawa ne. Asusun nan ni kaɗai ke da makullinsa. Ni na cire sunan babanta, da wasa, don a yi dariya. Na ce zan mayar, ban mayar ba. Sau biyu ina tunawa."

Yarinyar ta zuba mata ido, ba ta ko ƙifta ba.

Alƙali ne ya fara motsi. Ya matso kusa da bango yana bin ranakun da yatsa.

"Anti, ki yi haƙuri, ke ma ba madogara ba ce," ya ce, ba alamar wasa. "Amma ranar nan madogara ce. Jarida ta zo bayan gyaran da mako bakwai, kuma ko ayar da babu a nan, babu a can. Shaidarta ta faɗi. Mujallar jami'a daga jaridar ta kwafa, ita ma ta faɗi." Ya danna tsohon shafin na kafin gyaran. "Ga abin da kika goge: rahoton sashen injiniya, fitowa ta sha huɗu. Muna da shi?"

"Yana ɗakin ajiya na ƙasa. Kanta ta uku daga ƙofa."

Anti da Alƙali suka sauka suka ɗauko shi da ƙurarsa. Shafi na tara, ga hoton teknishan tun da sauran ƙarfinsa, rungume da tukunya, ga sunansa a ƙasa. Alƙali ya tura wa yarinyar kwamfuta, ta girgiza kai.

"Wadda ta cire ta mayar."

Anti ta zauna. Ta shiga da asusunta na gaskiya, mai sunanta, ta mayar da sunan da madogararsa. A gurbin da ake rubuta dalilin gyara ta rubuta duk abin da ya faru, ta sa ranar. Alƙali ya ce zai aika wa jaridar kafin yamma, da hoton tarihin shafin.

Wayarta ta yi ƙara tun kafin su gama kashe kwamfutoci. Saƙo ne daga sakatariyar Farfesa: a kawo makullin ɗakin kwamfuta ranar Litinin da safe. Ba a ambaci takardar aiki ba.

"Ina ne gidanku?" ta tambayi yarinyar.

Mota biyu suka hau kafin su isa. Suka tarar da tsohon a tsakar gida kan kujerar roba, bargo a ƙafafunsa duk da rana. Anti ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi ko ita wace ce, sannan ta faɗi sauran ba tare da ta rage komai ba. 'Yarsa ta miƙa masa waya, ya nisanta ta da idonsa ya karanta layin sau biyu.

"Wato ba shi ya rubuta ba."

"Ba shi ba ne, Baba. Ni ce."

"Amma yana wurin."

"Yana wurin."

"Kuma ya karanta jarida, kamar yadda na karanta." Ya miƙa wa 'yarsa wayar. "Ke kin yi wasan banza, 'yata, kuma ya ci min wata shida. Ba zan ce miki ba komai ba, don da komai. Tashi daga ƙasan nan, gwiwarki za ta yi ciwo."

Ta tashi. Ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba.

"Allon fa?" ya tambaya.

"An riga an sassaƙa, Baba. Ban san abin da zai yi da shi ba."

Tsohon ya dubi ƙafafunsa. Can ya ɗago ya dubi 'yarsa.

"Nemo min lambarsa. Na goge ta, amma tana bayan littafi na biyu." Ya juyo wurin Anti. "Ke kuma zauna, ba yanzu za ki tafi ba. In ya ce bai tuna ba, ke zan miƙa wa wayar."

Ta jawo ɗan benci ta zauna. Yarinyar ta danna lambar ta sa a kunnen mahaifinta, wayar ta fara ƙara.